Kyamara ƴar aljihu da kyamara marar madubi: wacce ta dace da ƙungiyarmu?

A ƙarshen daminar da ta wuce, wakilai uku na wata ƙungiyar karatun manya, daga wani gari kusa da Tsibiri, sun zo mini da tambaya. Ƙungiyarsu ta samu ɗan tallafi, kuma masu tallafin sun ce a riƙa ajiye shaidar ayyuka a hoto: ajin karatu, bankin cimaka da gonar haɗin gwiwa. Magatakardan ƙungiyar ya nuna mini hotunan kyamara biyu a wayarsa. Ɗaya ƙarama ce, ba ta fi sabulun wanka girma ba. Ɗayar kuwa baƙa ce mai dogon baki, irin wadda ake gani a hannun ƴan jarida ranar hawan salla a ƙofar fadar Sarkin Gobir. Shugabar ƙungiyar, wata dattijuwa, ta ce: "Malam, kuɗin nan na jama'a ne. Ba ma so mu sayi abin da za a yi mana dariya, ba ma kuma so mu sayi abin da zai fi ƙarfinmu."

Tun da na san ba su kaɗai ke da wannan tambaya ba, na ga ya dace in rubuta bayanin da na yi musu.

Yadda kyamara ke kama hoto

Kowace kyamara tana da abubuwa biyu da suka fi sauran muhimmanci. Na farko shi ne gilashin da ke gabanta, wanda za mu kira idon kyamara. Shi ke tattara haske ya shigar da shi ciki. Na biyu wani ɗan faranti ne da ke ɓoye a bayan idon. A kansa hasken ke sauka, shi kuma ya mayar da shi hoto. Za mu kira shi farantin haske. A da, fim ne ke yin wannan aiki, sai an kai shi wurin mai wankin hoto. Wani injiniya na kamfanin Kodak a Amurka, mai suna Steven Sasson, shi ya haɗa kyamarar farko marar fim a shekarar 1975, amma sai wajen shekarar 2000 irinta ta fara yawa a hannun mutane.

To, babban bambancin da ke tsakanin kyamarorin nan biyu yana cikin girman wannan faranti. Na ƴar aljihu bai kai farcen ɗan ƙaramin yatsa ba: tsawonsa kamar milimita 6 ne, faɗinsa bai cika milimita 5 ba. Na kyamara marar madubi kuwa iri uku ne aka fi sani. Akwai mai milimita 17 da 13, akwai mai kamar 23 da 15, sannan akwai babban, mai milimita 36 da 24, daidai girman gurbin hoto ɗaya a fim ɗin da. Idan aka auna fili, na farkon ya ninka na ƴar aljihu kamar sau 8, na biyun sau 13, babban kuwa sau 30.

Me ya sa wannan ya dame mu? Ku tuna da tarbon ruwan sama. Idan ana tafka ruwa kamar da bakin ƙwarya, wadda ta ajiye kwanon sha da wadda ta ajiye babbar roba duk za su samu. Amma idan yayyafi ake yi, mai kwano sai ta tashi da ɗan abin da bai isa wanke hannu ba. Haka haske yake. Da rana tsaka a fili, hasken ya wadata, kowace kyamara na samun rabonta, har ma da wuya mutum ya bambance hotunan biyu. Amma a cikin ɗaki, ko bayan magariba, ƙaramin faranti ba ya samun isasshen haske. Sai hoton ya fito da ɗige-ɗige kamar an watsa masa rairayi, ko kuwa fuskoki su yi dishi-dishi don mutum ya ɗan motsa.

Kada lambar megafiksel ta ruɗe ku

Mai shago zai ce muku: "Wannan megafiksel 20 gare ta, waccan ma 20 ne, ai duk ɗaya suke." Ba haka ba ne. Kowane hoto an gina shi da ƴan ƙananan ɗigo, kamar yadda ake saƙa tabarma kaba bayan kaba. Megafiksel ɗaya yana nufin ɗigo miliyan ɗaya. Idan aka raba gona mai eka ɗaya ga magada ashirin, aka kuma raba mai eka talatin ga magada ashirin, yawan magada ɗaya ne, amma rabon kowa ba ɗaya ba ne. Ɗigon da ke kan babban faranti ya fi faɗi, saboda haka ya fi shan haske.

Kuma ga wani abin da masu talla ba su cika faɗa ba. Hoton da ake wankewa a saka cikin album, mai santimita 10 da 15, ɗigo miliyan 2 sun ishe shi. Wanda za a manna a rahoto ko a aika ta WhatsApp ma bai buƙaci fiye da haka ba. Sai mai son buga hoto ya cika bango, ko mai son yanko fuska guda daga cikin taro, shi ne yawan ɗigo ke yi wa amfani.

Wane madubi ne aka cire?

Sunan "marar madubi" yana ba mutane mamaki. Manyan kyamarori na da suna da ɗan madubi a ciki, a karkace. Shi ke juya hasken sama zuwa ƴar tagar da mai hoto ke leƙawa. Da an danna, sai madubin ya ɗaga, haske ya wuce zuwa fim, shi ne wannan ƙarar "ƙaras" da muka saba ji. A shekarar 2008 kamfanin Panasonic na Japan ya fito da Lumix G1, wadda ba ta da wannan madubi. A cikinta haske na sauka kai tsaye a kan faranti, mai hoto kuma yana ganin abin da zai ɗauka a wani ɗan allo. Sony ya fito da A7 mai babban faranti a 2013, Canon da Nikon suka bi sahu da nasu manyan a 2018. Yau akasarin sababbin manyan kyamarori irin wannan ne.

Gaskiya ita ma ƴar aljihu ba ta da madubi. Abin da ya raba su shi ne, idon ƴar aljihu a manne yake, ba ya fita. Na babbar kuwa ana kwance shi a sa wani: akwai na ɗaukar fili mai faɗi, akwai na jawo abin da ke nesa, akwai na cikin duhu. Wannan shi ne ƙarfinta, kuma kamar yadda za mu gani, a ƙasarmu shi ne rauninta.

Inda babbar ta yi zarra

Ba za a ƙi faɗin gaskiya ba: a wajen kyan hoto, marar madubi ta fi. Ajin karatun dare da ake yi da fitila ɗaya, ita za ta iya fito da fuskokin ɗalibai da rubutun allo ba tare da walƙiya ba. Walƙiyar ƴar aljihu ba ta wuce taku uku ko huɗu. Na sahun gaba su yi fari fat, na baya su ɓace cikin duhu. Haka kuma abin da ke gudu. Dawakin hawan salla a Tsibiri, ko kaye a filin kokawar Maradi, abu ne na ƙiftawar ido. Babbar kyamara tana bin abin da ke motsi, tana ɗaukar hotuna goma ko fiye a daƙiƙa ɗaya. Ƴar aljihu kuwa kafin ta gama shiri, an riga an yi kayen, makaɗa sun shiga fili.

Akwai kuma wata matsala tamu ta musamman. Mu baƙaƙe ne, kuma muna son fararen kaya. Idan dattijo ya sa farar riga da rawani ya tsaya cikin rana, kyamara na rasa wanda za ta bi: in ta gyara rigar, fuska ta yi duhu, in ta gyara fuskar, rigar ta ƙone, aikin ɗinkin ya ɓace. Babban faranti ya fi iya riƙe duka biyun. Amma wannan ciwo yana da magani na kyauta. A kai mutum inuwar bedi ko ta zaure, ko a bari sai da hantsi ko bayan la'asar, kuma kada rana ta kasance a bayansa. Da wannan dabara ƙaramar kyamara ma tana fitar da fuska tas.

Wanda zai ɗauki bidiyo da magana, ya sani cewa yawancin marasa madubi suna da wurin sa makirfo. Ƴar aljihu galibi ba ta da shi, iska da hayaniyar kasuwa duk takan kwashe su tare da muryar mai magana.

Abin da ke biyo bayan saye

A nan ne nake so mu daɗe, domin a nan ƙungiyoyi ke yin asara. Sayen doki ba shi ne wuya ba, ciyar da shi.

Mu fara da kuɗi. Yuro ɗaya yana daidai da sefa 656 ko kusa da haka. Sabuwar ƴar aljihu a kasuwannin Turai takan kama daga Yuro 100 zuwa 400, wato daga jika 65 zuwa jika 260. Marar madubi ta ƙwararru, da idonta guda, da wuya a same ta ƙasa da Yuro 1000, wato jika 656, kuma da yawa sun ninka haka sau biyu ko uku. Ba a sa kuɗin sufuri da na kwastan ba. Bayan haka ga ido na biyu, wanda wani lokaci kuɗinsa ya kai na kyamarar kanta, ga batir na ajiya, ga katin ajiyar hoto, ga jaka. Hotunanta kuma manya ne, suna cika kati da wuri, sai an samu kwamfutar da za a riƙa juye su. Ku lissafa buhun hatsi nawa wannan kuɗi zai zuba a bankin cimaka, sannan ku yanke shawara.

Sai ƙura. Tun daga Nuwamba har zuwa Maris iskar hunturu na kaɗawa, kowa ya san yadda ƙura ke shiga har cikin akwati a rufe. A yawancin marasa madubi, duk lokacin da aka kwance ido, farantin haske yana nan a buɗe, babu abin da ya kare shi. Ƙwayar ƙura ɗaya in ta zauna a kansa, sai ta fito a matsayin baƙin tabo a kowane hoto, a wuri ɗaya, musamman inda sararin sama yake. Ba a hura shi da baki, ba a goge shi da gefen riga ko zane. Wanda ya yi haka yana iya karce shi, gyaran kuwa sai an yi tafiya mai nisa. Akwai ɗan famfon roba da ake hura masa iska da shi. Wanda ya sayi irin wannan kyamara, ya sauya ido a cikin ɗaki kawai, bakin kyamarar na kallon ƙasa, kuma ya yi sauri.

Ita ma ƴar aljihu ba ta tsira ba. Idonta yana fitowa in an kunna, ya koma in an kashe. Idan rairayi ya shiga tsakanin zobban, sai ya maƙale, kyamarar ta ƙi tashi. Wannan shi ne ajalin yawancinsu. Kada a jefa ta cikin aljihu tare da goro da makulli da canji. A ɗinka mata ƴar jaka mai zif. Akwai wani irin ƙananan kyamarori da aka yi don wahala, kamar jerin Tough da kamfanin Olympus ya fara, waɗanda idonsu ba ya fitowa waje, ruwa da ƙura ba sa shigarsu. Sun fi ƴar aljihu tsada, amma ga mai yawo a kan babur tsakanin ƙauyuka sun cancanci a duba su.

Zafi kuma abokin gabar duka biyun ne. Yawancin kamfanoni sun rubuta cewa kyamararsu na aiki daidai ne daga digiri 0 zuwa 40, alhali a watan Afrilu da Mayu zafin Maradi yakan wuce haka. Kada a bar ta a cikin mota a rufe, ko a kan sirdin babur cikin rana. Batir ɗin ƴar aljihu yakan ɗauki hoto kamar 200 kafin ya ƙare, na babbar daga 300 zuwa sama. Inda babu wutar lantarki, a tambayi mai shago ko ana iya cajinta da wayar caji irin ta salula, don a yi amfani da hasken rana ko wurin mai cajin waya na gari.

Abu na ƙarshe, wanda ba a rubuta shi a jikin kwali ba, shi ne tsoro. Na taɓa aiki da wani shiri da ya sayi kyamara mai tsadar gaske. Saboda tsadarta, aka kulle ta a kabad ɗin shugaba, ba mai ɗauka sai ya sa hannu a takarda. Malaman da ke zuwa ƙauyuka kowa ya ce ba da shi ba, kada ta lalace a hannunsa a cire masa a albashi. Shekara ta zagayo, lokacin rahoto ya yi, muka duba: hotunan bikin buɗe shirin ne kawai a ciki.

Inda ƙaramar ta fi

Nauyinta bai wuce giram 150 ba, babbar kuwa da idonta takan kai rabin kilo zuwa kilo guda. Maɓallanta kaɗan ne. Wadda ta fara karatu bana za ta iya koyonta a zama ɗaya. Mutane ba sa ɗari-ɗari da ita. Da an ɗaga babbar kyamara a tsakar gida, sai kowa ya daina abin da yake yi, mata su ja mayafi, yara su yi layi su ƙame kamar soja. Ƙaramar takan bar mutane a yadda suke.

Tana da wata baiwa kuma da manoma za su so. Tana iya matsawa kusa da abu ƙwarai, har tazarar ƴan yatsu, kuma ƙaramin farantinta na sa gaba da bayan abin su fito sarai. Mai lambu a Jiratawa da ya ga tsutsa na cin ganyen zogalensa, ko manomin da ya ga ɓarna a zangarniyar hatsi, zai iya ɗaukar ƙwaron ya nuna wa malamin gona, ko ma a kai wa masu bincike na INRAN a Tarna. Babbar kyamara sai an saya mata ido na musamman kafin ta yi wannan aiki da kyau.

To, wayar da ke hannunmu fa?

Dole a yi wannan tambaya. A shekarar 2010 kamfanonin kyamara, waɗanda akasarinsu na Japan ne, sun fitar da kyamara sama da miliyan 120. A 2023 ba su kai miliyan 8 ba. Wayar salula ce ta cinye kasuwar, kuma ƴar aljihu ta fi jin jiki. Kamfanin Casio ma ya daina yin ta a 2018. Saboda haka sabuwarta ta yi ƙaranci, da yawan waɗanda ake gani a kasuwa na hannu ne. Wanda zai sayi ta hannu, ya kunna ta ya kashe sau da yawa ya ga yadda idon ke fita da komawa, ya ɗauki hoton farin bango ya duba ko akwai tabo, ya kuma tabbata ana samun batirinta.

Farantin waya mai matsakaicin kuɗi, irin su Tecno da Infinix, bai bambanta sosai da na ƴar aljihu ba, kuma waya tana aika hoto nan take. Abu biyu ne ƴar aljihu ta fi ta da su. Na ɗaya, tana jawo nesa kusa da gilashi na gaske, yawancin wayoyi kuwa faɗaɗa hoton kawai suke yi har ya dagule. Na biyu, kyamara kayan ƙungiya ce. Waya ta mutum ɗaya ce: ran da ya yi tafiya ci-rani, ko ya sayar da ita, ko aka yi saɓani, hotunan ƙungiya sun tafi da shi.

Abin da ke mayar da hoto shaida

Tun daga 1983, manoman jihar Maradi suka fara barin kututturan itatuwa suna tofowa a gonakinsu, abin da ake kira sassaben zamani, wanda Tony Rinaudo ya taimaka wajen yaɗawa. An daɗe duniya ba ta san girman aikin ba, sai da masu bincike suka ajiye hotunan sama na 1975 kusa da na shekarun 2000, aka ga gawo da sauran itatuwa sun rufe inda da fili ne fetal. Tsofaffin hotunan ba su da launi ma. Abin da ya ba su daraja shi ne an san wurin, an san shekarar.

Don haka duk kyamarar da kuka saya, ku fara da gyara mata kwanan wata da lokaci. Ku ware littafi guda, magatakarda ya riƙa rubuta ranar da aka ɗauki hoto, da wurin, da abin da ake yi. Wannan ma darasin rubutu ne ga ɗalibai. Gonar ƙungiya a ɗauke ta daga wuri ɗaya kowace shekara, a sa alama da dutse ko turke. A ajiye hotuna a wuri biyu, domin kati yana lalacewa ba sallama. Masu muhimmanci a wanke su a takarda.

Kuma kada a ɗauki mutum sai da izininsa. A gaya masa inda hoton zai je. Matan aure a cikin gida, da yara, da marasa lafiya, a nemi yardarsu da ta masu kula da su, wanda ya ce a'a a ƙyale shi. A nisanci barikin soja da shingen jami'an tsaro.

Shawarar da na ba wakilan

Na tambaye su abu uku: wa zai riƙe ta, da wane lokaci za a fi ɗaukar hoton, kuma ina hoton zai ƙare. Suka ce mutum huɗu ne za su riƙa karɓa-karɓa, biyu daga cikinsu mata ne da suka gama aji na biyu. Aikin gona da na bankin cimaka duk da rana ake yi. Hotunan kuma rahoto za su shiga, wasu a manna a bangon aji. Na ce to, ƴar aljihu ta ishe ku, da batir biyu da kati biyu da jaka. Ajin dare kuwa, ku tara ɗalibai wata rana da la'asar a ɗauke su. Ran da kuke da babban biki, ku ɗauko mai hoto daga Maradi ku biya shi na yini ɗaya. Shi sana'arsa ce, shi ya kamata ya sayi marar madubi, domin a wurinsa tana mayar da kuɗinta.

Magatakardan bai ji daɗi sosai ba, don ransa na kan babbar. Shugabar kuwa ta sa aka rubuta a littafin taro cewa ragowar kuɗin, in masu tallafi sun yarda, za a sayi fitilu biyu masu aiki da hasken rana a sa a ajin dare.